Ranku Ya Daɗe, Wayar Talaka Ta Cika

Zuwa ga Mai Girma Ministan Sadarwa, Ƙirƙire-ƙirƙire da Tattalin Arzikin Dijital, da shugabannin hukumomin NITDA da NCC, Abuja.

Ni malamin makaranta ne a Kano, kuma na daɗe ina jinkirin rubuto wannan takarda, don abin da ke tafe da ni ƙarami ne ƙwarai idan aka ajiye shi kusa da manyan ayyukan da ke kan teburinku. Ku kuna maganar shimfiɗa wayoyin intanet a ƙarƙashin ƙasa da lasisin 5G, ni kuwa na zo da maganar tsohuwar wayar da ta cika, da takardar da aka sauke a cikinta aka rasa inda ta shiga. To amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma wannan hakin na gan shi a idon mutane da yawa.

Watannin baya na raka kawuna, wanda ya yi ritaya, wani ofishi inda ake tantance 'yan fansho. An ce kowa ya zo da takardar shaidarsa, ko a buge ko a waya. Jikansa ya sauke masa ita tun a gida, ya ma nuna masa ita a fuskar wayar, ya ce shi ke nan. Muka yi sammako, muka bi layi har rana ta take. Da aka zo kansa, ya miƙa wayar da hannu biyu kamar mai miƙa takardar gado. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce, "Baba, ina takardar?" Ya ce, "Tana ciki, 'yata." Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta buɗe wurin hotuna, ba ta ga komai ba sai hotunan suna da na barka da Juma'a. Ta ce, "Baba, ku ɗan koma gefe ku nemo ta. Na gaba!" Ban ga laifinta ba, mutum fiye da ɗari ne a bayanmu.

Muka koma ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Na ce bari in sake sauke ta kawai, wayar ta ƙi, ta ce babu wuri. Sai na bi ta doguwar hanya, na buɗe manhajar da ke nuna fayilolin waya, na shiga jakar da ake kira Download. Ga takardar nan kwance, kuma ba ɗaya ba, guda shida, dukansu da suna ɗaya na wasu lambobi masu tsawo da ba su nuna komai. Ashe duk lokacin da yaron ya neme ta ya rasa, sai ya sake saukewa. Na nuna wa Kawu. Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya ce, "To a ina take kwana duk kwanakin nan?" Kafin mu koma an wuce lambarmu, aka ce sai gobe. Kuɗin mota biyu, wuni biyu, ga dattijo mai ciwon gwiwa.

Tambayar nan ta Kawu ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranku ya daɗe, a 'yan shekarun nan hukuma ta kwashe takardun jama'a ta zuba a waya. Tun watan Disamba na 2020 da aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, har ƙauye an san cewa akwai wata takarda da ake nema a waya. Ɗalibi yana sauke takardar zana jarrabawar JAMB, yana duba sakamakonsa a intanet. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura mai shayi da mai kayan miya cikin manhajojin banki, ko suna so ko ba sa so. Ban zo kuka da wannan ba. Na ga amfaninsa, ya rage wasu layukan, ya toshe wasu hanyoyin cin hanci. Abin da nake gani shi ne, wayar da masu tsara waɗannan abubuwa ke riƙe da ita daban, wadda ke aljihun jama'a daban. Ta aljihun jama'a yawanci ta hannu ce, ko wadda yaya ya gaji da ita ya bar wa ƙane, ƙane ya bar wa Inna. Gig 8 ce ko gig 16, kuma kafin mai ita ya sa hoto ko ɗaya, tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun cinye kaso mai tsoka. A mai gig 8 abin da ke saura ba ya wuce rabi da yawa.

Rikicin ma tun daga suna yake farawa. Abu uku ne muke kira memori. Akwai rumbun wayar, inda hotuna da bidiyo da takardu ke zama. Akwai abin da masu gyara ke kira ram, wanda shi kamar faifai ne: abin da za a yi aiki da shi yanzu ake ɗebowa daga rumbu a zuba a kai, in an gama a kakkaɓe. Sannan akwai ɗan katin da ake saya a kasuwa a cusa a gefe. Idan faifai ya yi ƙanƙanta, waya takan yi nauyi, ta riƙa tsayawa. Idan rumbu ya cika, saƙo ba ya shiga, kyamara ta ƙi ɗauka, manhajar banki ta ƙi sabuntuwa. Cuta biyu ce, maganinsu ba ɗaya ba. Amma idan mace ta kai wayarta wurin mai gyara ya ce mata "Hajiya, memori ne," ba ta san wanne yake nufi ba, wani lokaci shi ma bai tsaya ya bambance ba.

Inda kaya ke shiga kuwa, kowace ƙofa da ɗakinta. Abin da aka sauke ta Chrome yana tafiya jakar Download. Takardar da aka turo ta WhatsApp ba ta zuwa can, tana cikin jakar WhatsApp ɗin, a wani sashe na takardu. A tsofaffin wayoyi wannan jaka tana nan a fili da zarar an buɗe rumbu, amma daga Android 11 zuwa sama an mayar da ita can ciki, sai an bi ta jakar Android, a shiga ta media, kafin a same ta. Fim ɗin da aboki ya tura ta Xender yana jakar Xender, na Bluetooth yana tasa. Babban abin da ke ruɗa mutane shi ne, wuri ɗaya suka sani, wato wurin hotuna, shi kuwa hoto da bidiyo kawai yake nunawa. Takardar PDF ba za ta taɓa fitowa a can ba ko za a kwana ana shafawa. Da wani ya taɓa faɗa wa jikan Kawu wannan magana guda ɗaya, da ba mu yi wuni biyu a layi ba.

Da na zauna da wayar da daddare, na ga abin da ya cinye ta. WhatsApp kaɗai ya riƙe fiye da gig 5. Kawu yana zauren zumunta na dangi, yana na masallacin unguwa, yana na tsofaffin abokan aiki, yana wani na siyasa da bai ma san wanda ya sa shi ba. Bidiyon wa'azi ɗaya na same shi sau huɗu, daga zaure huɗu. Wayar an bar ta a kan ta riƙa sauke duk abin da aka turo da kanta, ko ya buɗe ko bai buɗe ba. Abin da shi ya tura wa wasu ma akwai kwafinsa a wata jaka. Ga tsofaffin kwafin ajiyar hira da manhajar ke yi da tsakar dare. Ga finafinai uku da jikoki suka sa tun sallar bara. A nan dole in faɗi gaskiya, mu ma muna da namu laifin. Mutum ya ga bidiyo mai nauyin megabait 40, bai gama kallo ba ya watsa wa mutum ɗari biyu, yana ganin lada yake nema, alhali ya cika rumbun bayin Allah ya kuma cinye musu data.

Abin takaicin shi ne maganin yana cikin wayar. Tun 2017 kamfanin Google ya fitar da manhajar da yanzu ake kira Files by Google, wadda aka yi ta domin ƙananan wayoyi, tana nuna manyan fayiloli da waɗanda aka maimaita da abin da aka sauke. Tun ƙarshen 2020 WhatsApp ya sa wani sashe a saitinsa da ke tattaro duk abin da ya haura megabait 5 da duk abin da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, mutum ya zaɓa ya goge. A nan kusa da shi akwai inda ake hana waya sauke bidiyo da kanta. Kafin shayina ya huce na kwato wa Kawu kusan gig 4, ban taɓa hoton jikansa ko ɗaya ba. Ilimin nan bai kai na koyon ɗaura zare a keken ɗinki wuya ba. Babu dai wanda ya tsaya ya faɗa wa mutane shi da harshen da suke ji.

Idan ba a faɗa ba kuwa, ga abin da ke biyo baya. Wata ƙanwata wayarta ta cika har saƙo ya daina shiga. Ta ba wani yaro mai cajin waya a bakin titi. Ya jujjuya ta, ya ce, "Anti, wannan sai an yi mata fomatin." Ta ce, "To yi mata mana, in dai za ta tashi." Ita a zatonta wani wanki ne. Ya mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Ta tashi garau, da sauri kamar sabuwa, babu komai a ciki. A cikin abin da ya tafi akwai saƙonnin murya na mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, waɗanda ta riƙa turo mata daga asibiti a watanninta na ƙarshe. Ba a taɓa yi musu ajiya a ko'ina ba. Ta zo gidana da wayar a hannu, ba ta yi kuka ba, tambaya kawai take yi, "Yaya, ba yadda za a yi?" Na kai ta wurin waɗanda suka fi ni sani, suka ce a yi haƙuri. Yaron bai yi da mugunta ba. Abin da ya iya ke nan, kuma naira ɗari biyar ya karɓa.

Irin wannan tarko yana nan ko ba a je wurin kowa ba. A saitin kowace manhaja akwai maɓalli biyu maƙwabtan juna, ɗaya an rubuta masa "Clear cache", ɗaya "Clear data". Na farko ƙura yake sharewa, tarkacen wucin gadi da manhaja ke tarawa, babu asara a ciki. Na biyu yana mayar da manhajar kamar yau aka sa ta: ya fitar da kai daga asusunka, ya goge abin da ta riƙe, idan ta hira ce kuma ba ka da ajiya, hirar na iya tafiya. Ga wanda bai yi boko ba, kalma ɗaya ce ta raba su, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba.

Saboda haka roƙona na farko ga hukumar NITDA yake. An sani a rubuce cewa gwamnati na da burin kashi 95 cikin ɗari na 'yan ƙasa su iya amfani da na'urorin zamani nan da 2030. Buri ne mai kyau. Ina roƙon idan ana ƙirga wanda ya iya, a fara da wannan: ya san inda abin da ya sauke ya shiga, ya san abin da zai goge lafiya da wanda ba zai taɓa ba, ya san yadda zai kwashe hotunansa zuwa kati ko wata ajiya kafin ya miƙa wayarsa ga mai gyara. Koyar da matasa rubuta manhaja abu ne mai amfani, amma su kaɗan ne, masu tsohuwar waya kuwa su ne jama'a. A yi darasin da Hausa da sauran harsunanmu, kuma a yi shi da murya, don mai buƙatarsa ba lallai ya iya karatun boko ba. Rediyo har gobe shi ne malamin gidajenmu. Minti biyar a mako a Rediyon Tarayya na Kaduna da gidajen rediyon jihohi zai kai inda taron otal na kwana uku ba zai kai ba. A ba masu yi wa ƙasa hidima da malaman yaƙi da jahilci da na Islamiyyar matan aure takarda ɗaya mai hotuna. Idan za a yi bidiyo, don Allah a yi shi ƙarami, kar a turo wa mai cikakkiyar waya darasin rage kaya mai nauyin megabait 60.

Akwai kuma maganar kalmomi. Wasu wayoyin suna da Hausa a jerin harsunansu, amma na sha ganin wanda ya sa ta ya mayar da ita Turanci, don Hausar ba ta jama'a ba ce, an fassara kalma da kalma har ta fi Turancin duhu. Muna da masana a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da sauran jami'o'i. A zaunar da su tare da masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre, waɗanda su ke jin abin da mutane ke faɗa kullum, a tsayar da kalmomi ashirin ko talatin da kowa zai gane, a miƙa wa kamfanoni.

Roƙo na biyu ya fi sauƙi, don a cikin gidanku yake. NITDA ce ke shimfiɗa ƙa'idojin shafuka da manhajojin gwamnati. A sa a ƙa'ida cewa duk takardar da hukuma za ta ba ɗan ƙasa ya sauke, sunanta ya faɗi ko mece ce, da shekara, ba jerin lambobi ba. Ta zama mara nauyi, don takarda mai shafi ɗaya ba ta da dalilin kai megabait da yawa. Bayan an sauke, shafin ya faɗa a fili inda za a same ta. Kafin a ƙaddamar da kowace manhaja, a gwada ta a waya mai ram gig 1 da rumbun da ya kusa cika, a gefen gari inda sabis ke rawa, ba a ofis mai sanyi ba. Kuma ba kowace hukuma ce ke buƙatar manhajarta ba. Mai gig 8 ba zai iya ɗaukar manhajar banki biyu da ta kowace ma'aikata ba. Inda lamba ta isa shaida, a turo ta ta gajeren saƙo, a umarci ma'aikacin tebur ya karɓa. Da lambar Kawu kawai aka nema, da yana da ita a rubuce a bayan kalandar aljihunsa.

Ga hukumar NCC kuwa, ku ne kuke amincewa da nau'in wayoyin da za a sayar a ƙasar nan. Ina roƙon a duba yiwuwar tilasta rubuta wa mai saye a jikin kwali abin da zai samu na amfani, ba jimillar rumbun kawai ba, kuma manhajojin talla da ake cusowa tun daga kamfani a bar mai waya ya iya cire su. Sannan akwai annobar manhajojin da ke ce wa mutum wayarka ta kamu, danna nan a wanke. Da yawansu wuri suke ci, su cika fuska da talla. A farkon 2020 Google da kansa ya kori manhajoji kusan 600 daga kasuwarsa saboda tallan da ke addabar mutane, amma ire-irensu suna nan suna yawo ta Xender. Kamfanonin layi suna turo mana saƙon talla safe da yamma. Idan hukumar ta sa su riƙa haɗawa da saƙon faɗakarwa ɗaya a wata, da harshen yankin, ba zai rage musu komai ba. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, duk bidiyon da waya ta sauke ba da sanin mai ita ba kuɗin cefane ne ya tafi.

Kar in manta da jabun kati. Ana sayar da memori an rubuta masa gig 32 ko 64, a waya ma haka zai nuna, alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Mutum ya kwashe hotunan bikin 'yarsa ya zuba, ya goge na waya da kwanciyar hankali, ran da ya buɗe ya tarar rabi sun lalace. Wannan aikin hukumar kula da ingancin kaya ne, SON, da ta kare haƙƙin masu saye, FCCPC, amma kalma ɗaya daga ofishinku za ta fi tawa nauyi a wurinsu.

Masu gyaran waya kuma ban so a ɗauke su abokan gaba. Su ne asibitin da talaka ya sani, kuma suna da ƙungiyoyi da shugabanni a kasuwanni. A bi ta hannun shugabannin nan a koya wa yaransu abu biyu: kada a yi wa waya fomatin sai an gaya wa mai ita dalla-dalla abin da zai rasa an kuma ba shi damar kwashewa, kuma abin da aka gani a wayar mutum amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, amma ba ta iso teburin mai gyara ba tukuna.

Na san za a ce wasu wayoyin sun gama yayi. Haka ne. Tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayar da ba ta kai Android 5 ba, kuma lokaci zuwa lokaci ana ƙara ɗaga sandar. Amma a ce wa mai fansho ko mai sayar da ƙosai "sayi sabuwa", a wannan tsadar, kamar a ce wa mai jin ƙishirwa ya haƙa rijiya ne. Wayar da ke hannunsa za ta iya ƙara masa shekara biyu idan ya san yadda zai sauke mata kaya.

Shi Kawu na buɗe masa jaka ɗaya na rubuta mata TAKARDU da manyan baƙaƙe, na zuba nasa a ciki, na nuna masa hanyar sau uku har ya bi da kansa. Duk da haka washegari sai da ya biya shagon kwamfuta aka buga masa ita, ya naɗe a leda ya sa a aljihun babbar riga. Yanzu duk ranar Juma'a bayan an sauko yakan biyo ta gidana da wayar, kuma makon jiya da ta maƙwabcinsa ya zo.

Ina fatan za a dubi wannan kira da idon rahama. Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.
Naku, wani malamin makaranta daga Kano.